Allin Ƙanin Malama

Ranar da na miƙe a gaban iyayen yara na ce nan da wata uku makarantarmu za ta riƙe kanta da kanta, har ta riƙa ba wasu makarantu rance, rigar da ke jikina ma ta aro ce.

Makarantar ta yayata ce. Ɗaki ɗaya ne a bayan shagon kayan gini, taga biyu, benci shida, allo ɗaya. Yara ashirin da uku, duk waɗanda manyan makarantu suka gaji da su: mai jinkirin ganewa, mai taya uwarsa aiki da safe, wanda ba ya iya zama wuri guda, da wata yarinya mai in'ina wadda aka kora daga aji biyu saboda malamai ba su da lokacin jiran ƙarshen maganarta. Ba yunifom, ba bulala, ba na ɗaya ba na ƙarshe. Kuɗin makaranta kuɗin sabulu ɗaya ne a mako. Yaya takan ce duk gidan da ake wanka zai iya biya.

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Ta bar zane a kan allo: tsiro, da saiwarsa, da karansa, da ganye uku, kowanne da sunansa a gefe cikin rubutunta mai kwanciya dama. A can sama ta ja kibiya zuwa inda fure zai zauna, amma ba ta zana shi ba. Ta ce wa yara sai gobe.

Ni a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Amma da aka share makoki yara suka dawo suka zazzauna a bencinsu suna kallon ƙofa, kuma ba wanda ya shigo sai ni. Haka na zama malami. Unguwa ba ta taɓa kirana Malam ba, Ƙanin Malama ake ce mini. Abu na farko da na yi shi ne na ɗauke tsumman goge allo na cusa a bayan akwatina. Na hana kowa taɓa allon. Karatu a bayan takardar buhun siminti muke yi da gawayi, in ta cika a yar a ɗauko wata. Kullum kafin a tashi sai mu maimaita darasin Yaya. Ba na jin akwai yara a duniya da suka san saiwa kamar nawa.

A wata na biyar mai shagon kayan gini, wanda ɗakin nasa ne, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon takalminsa. Ya ce komai ya tashi. Nan da wata uku haya za ta ƙaru da rabi, in ba hali zai mayar da ɗakin ma'ajiyar siminti. Ba mugu ba ne, har haƙuri ya ba ni sau uku. Amma na yi lissafi a bayan buhu: in za a biya, sabulu ɗaya zai koma biyu, kuma na san gidaje goma sha ɗaya da ba za su iya ba.

Shi ne na kira taro. Iyaye suka cika bencin 'ya'yansu, gwiwoyi na taɓa haɓa. Mai Ɗinki, uwar yarinyar nan mai in'ina, ta fara cewa in zauna, suna da wata shawara. Na ɗaga mata hannu. Na ce shawara ta wuce, yanzu lokacin aiki ne. Na zaro guntun alli daga aljihuna, na ƙarshe da Yaya ta riƙe, bai fi gaɓar yatsa ba. Na ce su dubi wannan. Kowace makaranta a garin nan cin sa take yi kamar abinci, kuma ba komai ba ne illa farin gari da ruwa. Zan kafa kamfanin alli. Ba za a ƙara wa kowa ko kwabo ba, ƙila ma a fara biyan yara.

Mai Wanki, wanda igiyoyin shanyarsa ke jikin bangon makarantar, ya tambaye ni ko na taɓa yin alli. Na ce ban taɓa ba, amma na shekara tara ina kallon sa a hannun malamai.

"Ni ma shekarata arba'in ina kallon jirgin sama," in ji shi.

Aka yi dariya. Na ce su yi dariyarsu yanzu da sauran arha.

Washegari na sayar da kekena na sayo buhun farin garin nan da masu silin ke kwaɓawa, da bututun wayar lantarki dami guda, na yanyanka shi tsawon yatsa. Na ɗauki babban daron Inna da muciyarta. Na zuba gari, na zuba ruwa, na tuƙa har ya yi kyau kamar madara. Daidai nan Kafinta ya leƙo ya tambayi me nake dafawa. Na bar muciya a ciki na fita don in yi masa bayani a gurguje. Bayanin ya kai mu har inda zan gina reshe na biyu da irin motar da za ta riƙa kai kaya. Da na dawo muciya na tsaye ƙiƙam a tsakiyar daro kamar sandar tuta. Na ja, ta ƙi. Na taka daron na ja da hannu biyu, daron ya taso tare da ita ya sauka a kan babban yatsana.

Mutum huɗu ne suka fitar da shi ƙofar gida. Inna ta fito ta daɗe tana kallon daronta, wanda tun kafin a haife ni take wanki a ciki. Na shirya jin faɗa. Sai kawai ta tambaye ni ko ta zubo mini abinci. Na ce ta zubo. Haushi ya sa na cinye har na nemi ƙari.

Daron ya zama kujerar unguwa. Mai Wanki ya mayar da muciyar maratayin hularsa, kuma kullum da safe in zai wuce sai ya rusuna wa daron ya ce, "Ina kwana, Kamfani. An tashi lafiya?"

Kwaɓi na biyu na yi shi da sauri, na ɗura a bututu ɗari. Kafinta ya ce da na shafa mai a ciki kafin in zuba. Na gaya masa aikin katako daban, aikin kimiyya daban. Suka bushe, suka ƙi fita. Na buga, na girgiza, na hura da baki har kunnena ya toshe. Sai na tuna famfon kekena yana nan, shi kaɗai ya rage mini na keken. Na haɗa bakinsa da bututu, na ɗaure da roba, na danna da iya ƙarfina. Allin farko na kamfanina ya fita da ƙara, ya tsallake titi, ya shige shagon Mai Aski ya sami madubi a tsakiya. Mutumin da ake yi wa aski ya fito a guje da ƙyalle a wuya, rabin kai fes rabi daji. Mai Aski ya biyo shi da reza a hannu yana cewa ya dawo ba harbi ba ne, ilimi ne.

Na je ba da haƙuri. Mai Aski ya buɗe baki, na ga maganar ta taho har maƙogwaro, sai ya dubi wajen ƙofar gidanmu ya haɗiye ta. Ya ce ba komai, dama madubin ya tsufa. Na koma gida ina jin daɗi. Na ce mutane sun fara gane da wa suke magana.

Kwaɓi na uku na shafa mai, ba don Kafinta ya faɗa ba, don ni ma na yi tunanin haka daga baya. Na ƙara farar ƙasa don garin ya yi auki. Alli ɗari huɗu suka fito sumul, farare tas, har na ji ƙwalla. Na jera su a kan rufin kwanon makaranta su sha rana, na tafi neman kwalin zubawa. Ina tsakiyar kasuwa hadari ya haɗo. Kafin in iso an gama. Allina ɗari huɗu sun narke sun bi kwano sun sauka a kan igiyar Mai Wanki, inda ya shanya baƙaƙen kwat guda biyar na wani lauya. Shi ma ruwan ya tsare shi a wajen kai kaya.

Na same shi tsaye yana riƙe da ɗaya a kafaɗu biyu. Ta yi zane fari da baƙi daga wuya har ƙasa.

"Injiniya," ya ce, "me zan gaya wa lauya?"

Na ce ya gaya masa ruwan sama ne.

"Ruwan sama fari ne a garinku?"

Na ce ai kasuwanci sai da asara, kuma in kamfani ya tsaya zan saya masa injin wanki. Ya ce in fara saya masa lauyan da zai kare shi daga lauya. Ya ɗaga murya zai ci gaba, sai ga Inna ta leƙo da tsintsiya a hannu. Mai Wanki ya sauke kwat ɗin. Ya ce to, Allah ya sa alheri, ya kwashe kayansa yana magana da su ƙasa-ƙasa.

A 'yan kwanakin nan na lura mai shagon kayan gini ya canza. Rigunansa sun sha guga har suna ƙyalli, gemunsa a gyare, ƙofar shagonsa da ta shekara tana kuka ta yi shiru. In ya gan ni sai ya ɗaga hannu da fara'a. Na ce a raina, dubi mutum, tun kafin a biya shi ƙarin har ya fara ci.

Na zauna a kan Kamfani na yi nazari. Abokan gaban alli biyu ne, ruwa da karyewa. Me ruwa ba ya ci? Kyandir. Me ke kama jiki ya zauna? Fenti. Na narka kyandir fakiti shida, na karɓo ragowar farin fenti mai mai a wurin Kafinta, na haɗa da sauran garin. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Santsi kamar sabulu, nauyi kamar ƙusa. Na jefo shi daga kan rufi, bai karye ba. Na sa yara suka tattaka, bai karye ba. Na jiƙa shi kwana guda a kofi, ya fito yana dariya. Na yi rubutu a bangon waje, a ƙasa, a jikin daro, rubutun ya fito fari ƙal, ba ƙura ko kaɗan. Na gwada shi ta kowace hanya da ta zo mini a kai. Hanya ɗaya ce ba ta zo mini ba, domin ni wata takwas ke nan rabona da goge allo, har na manta ana yi.

'Yar Mai Ɗinki ta zo ta tsaya a gabana, tafin hannunta fari, tana nuna bango. Ta fara magana, kalmar ta maƙale. Dokar Yaya ta farko a makarantar nan ita ce ba a ƙarasa wa yarinyar nan magana, ko za a kwana. Ni kuwa ina sauri. Na dafa kanta na ce na sani, yana da kyau, na gode. Ta rufe baki ta koma bencinta.

Akwai babbar makaranta a kan titin da ke bayan kasuwa, bene hawa uku, da maigadi mai usur. Na yi sawu biyar kafin Shugabar ta yarda ta gan ni. Mace ce mai tabarau da ƙaramar murya. Ta ce ranar Alhamis suna da taron iyaye, za ta ba ni minti biyar, in allin ya yi za ta sayi kwali hamsin kowane zango. Na lissafa a hanya, kwali hamsin ya biya haya har da canji. Don nuna yalwa, da sassafen Alhamis na bi aji shida na ba kowane malami guda biyu kyauta, na ce su fara ɗanɗanawa.

Na gayyaci unguwa gaba ɗaya. Mai Wanki ya ara mini ɗaya daga cikin kwat ɗin nan, wadda lauya ya ce ko kyauta ba ya so. Ya ce ai dama tambarin kamfanina ne a jiki. Suka zo suka tsaya a bayan zauren taro, shi da Kafinta da Mai Aski da Mai Ɗinki. Inna ba ta zo ba, ta ce tana da aiki.

Zauren ya cika da iyaye masu ƙamshi. A gaba akwai sabon allo, baƙi wuluk, faɗinsa ya kai bangon ɗakinmu. Na fara da cewa duniya ta daɗe tana shan wahala a hannun alli. Na yar da nawa a ƙasa, na taka. Na ɗauka na tsoma a kofin ruwan Shugaba, na fitar na ɗaga sama. Aka tafa. Tafin ya hau mini kai. Na juya na rubuta da manyan haruffa, ALLIN ƘANIN MALAMA. Sannan don su san mai kamfanin ma malami ne, na ƙara a ƙasa: 7 × 8 = 54.

Wani ɗan yaro a layin gaba, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kai ba, ya ɗaga hannu ya ce hamsin da shida ne.

Na ce madalla, dama gwada su nake yi, kuma makarantar ta ci jarrabawa. Aka yi dariya mai daɗi. Shugaba ta miƙo mini abin goge allo. Na karɓa, na tuna wanda ke bayan akwatina. Na goga a kan huɗun.

Huɗun ta ƙara haske.

Na sake gogawa da ƙarfi. Na hura mata iska. Na juya wa mutane baya na tofa yawu a asirce, amma akwai lasifika a gabana. Na sa hannun kwat. Na juye ragowar ruwan Shugaba. Maigadi ya kawo kananzir, na zuba, na dirza, sai hamsin da huɗu ta fitar da farin gemu har ƙasan allo, ita kuma tana nan daram a sama.

Ƙofar gefe ta buɗe. Malamin lissafi ya shigo, hannun rigarsa a naɗe, ya tsaya. Bayansa malamar da ta zana taswira. Bayanta wani dattijo, wanda ya ce cikin ladabi yana so a sanar da shi ko daga yau a ajinsa kullum Alhamis ce. Ta huɗu ta ce ita sunayen masu surutu ta rubuta, guda tara. Wata uwa ta miƙe ta tambaya ko da sunan ɗanta. Aka ce shi ne na farko. Ta ce to har yaushe zai zauna a wurin? Duk suka juyo suna kallona.

Na ce, a gaskiya, ta wani ɓangaren wannan ci gaba ne, domin yaro ba zai ƙara cewa an goge kafin ya kwafa ba.

Daga bayan zaure muryar Mai Wanki ta taso, ba da ƙarfi ba. "Ku yi haƙuri da shi. Mu daro muka fara bayarwa."

Nan zauren ya fashe da dariya. Wani mai babban ciki ya yi dariya har aka riƙa bubbuga masa baya. Shugaba ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta goge, ta ce allo bakwai, kuma ranar Litinin akwai karatu. Ta tambaye ni kamfanina yana da reshen yin allo. Na duba ƙasa ko akwai rami.

Kafinta ne ya ratso mutane ya zo gaba. Ya ƙwanƙwasa allon, ya leƙa bayansa, ya ce katako ne mai kyau, kuma bayansa bai san abin da ya faru ba. A kwance shi, a juya, a shafa baƙin fenti. Kwana uku muka yi muna wannan aiki. Kafinta na kwancewa, Mai Aski na shafa fenti da hannunsa mai laushi, Mai Wanki na riƙe tsani yana ba da labarina ga duk wanda ya wuce. Ni aka ba ni aikin da ya dace da ilimina, ɗaukar kusoshi. Har yau a zauren nan, in ka leƙa tsakanin allo da bango, bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne.

Saura kwana huɗu wa'adin haya ya cika. Na sake kiran taro, wannan karon da rigata. Yara ma suna nan, don lokacin karatu ne, iyaye suka tsaya a jikin bango. Inna ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Har mai shagon kayan gini na kira, don a yi ta ta ƙare. Na ce na kasa. Keke ya tafi, gari ya ƙare, ba ni da ƙarin haya. Ko dai sabulu ya koma biyu mu rasa yara goma sha ɗaya, ko a kawo siminti. Na ce su zaɓa, ni bakina ya mutu.

Mai shagon ya dubi Mai Ɗinki. Ya ce wane ƙari kuma?

Mai Ɗinki ta gyara tsayuwa. Ta ce tun mako na biyu aka gama wannan magana. Mai Wanki yana wanke wa mai shago kaya da guga, Mai Aski yana yi masa aski shi da 'ya'yansa, Kafinta ya gyara ƙofa kuma zai yi masa kantar shago, ita tana ɗinka wa iyalinsa, sauran iyaye kowa da ranar da yake taya sauke kaya. Ƙarin ke nan, kuma mai shago ya ce ya fi masa kuɗi. Sabulu yana nan ɗaya. Ta ce shawarar da ta so faɗa ke nan ranar da na ɗaga mata hannu.

Na tsaya kamar muciya a daro. Da bakina ya dawo na tambaya me ya sa ba wanda ya gaya mini, aka bar ni ina fasa madubin mutane.

"Ni na hana," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Wata biyar ba ka gama kwano ɗaya ba. Ka dawo daga nan, ka kwanta, ka juya wa bango fuska. Ranar da ka kashe mini daro ka ci ka nemi ƙari. Na bi su gida-gida na ce kowa ya yi shiru, a bar mini yarona ya yi ta ɓarna."

Sai Mai Wanki ya share maƙogwaro ya ce shi dai yana so a sani, kwat biyar aka kashe kafin in yi ƙiba, kuma bai ga ƙibar ba.

Ana cikin dariya 'yar Mai Ɗinki ta ɗaga hannu. Ta miƙe. Kalmar farko ta maƙale, ta biyu ma. Na rufe bakina na sa hannuwa a baya. Ɗakin gaba ɗaya ya jira, har mai shago. Ta ɗauki lokacinta, ta kai ƙarshe da kanta.

"Malam, wata takwas muna kan saiwa. Yaushe za mu kai fure?"

Shi ne karo na farko da wani ya ce mini Malam. Na laluba aljihu na fito da guntun allin Yaya na ba ta. Ta hau benci, ta zana fure a ƙarshen kibiyar, mai kunne biyar, ɗaya ya fi sauran girma. Allin ya ƙare a yatsunta daidai kunne na biyar. Yara suka karanta tare daga ƙasa zuwa sama, saiwa, kara, ganye, fure. Darasin ya ƙare.

Kowa ya san abin da ake yi in darasi ya ƙare. Na aika aka ɗauko tsumman daga bayan akwatina. Na tsaya a gaban allon, na ɗaga hannu. Ni da na dirji allon mutane da kananzir a gaban mutum ɗari biyu, na kasa taɓa wannan.

Inna ta taso. Ta tsaya kusa da ni ta karanta rubutun da ido, ko da yake ba ta iya karatu ba. Sannan ta kama gefen mayafinta ta shafa daga sama zuwa ƙasa. Shafa ɗaya, ya tafi, ba gardama. 'Yar ƙura ta tashi a hasken taga ta ɗan tsaya, sannan ta sauka.

Kafinta ya ce a hankali, allin gaske ke nan.

Mai Ɗinki ta ciro sabon alli na kanti daga jakarta ta miƙo mini. Na rubuta bakwai sau takwas, na sa alamar daidai, na juyo na tambayi aji, don ni na daina amsa wannan tambaya a bainar jama'a.

Yara ashirin da uku suna nan, sabulu ɗaya a mako. Mun wuce fure, mun shiga 'ya'yan itace. Kamfani yana ƙofar gida, ana zama a kansa da yamma. Mayafin kuwa yana rataye a ƙusa a ɗakin Inna, gefensa fari. Mai Wanki ya tambaye ta sau biyu ko ta kawo ya haɗa da kayan mai shago, kyauta. Ta ce bai yi datti ba.